Yadda Ake Kiyaye Haruffa Masu Ƙugiya da Larabci a Sunayen Fayil Idan Kai Ne Mai Gina Ma'ajiyar

Bahaushen da ke aiki da kwamfuta a Makka, Madina ko Jidda, da rubutu uku yake mu'amala, ko ya so ko ya ƙi. Ga boko da ƙugiyoyinsa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ga Larabci, wanda shi ne rubutun ofis da kasuwa da jami'a a ƙasar. Ga kuma ajami da yakan shigo jefi-jefi a sunan wata waƙar wa'azi ko wani tsohon littafi da aka ɗauki hotonsa. Buɗe foldar ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina da ke tara sautin karatu, ko kwamfutar mai hidimar alhazai a Misfala da ke ajiye hotunan fasfo da biza, za ka tarar da ukun a zube wuri ɗaya. Wani fayil daga waya ya zo, wani daga filashin abokin aiki, wani daga wata tsohuwar Windows ta Larabci.

Wannan bayani na wanda ke gina tsarin ajiyar fayil da hannunsa ne: mai rubuta shi da FUSE, hanyar da Linux ya tanada don mutum ya gina nasa tsarin ajiya, domin ya jera karatuttuka bisa sunan malami da littafi, ko mai haɗa ƙaramar na'urar da ke karanta katin memori, irin akwatunan karatun Alƙur'ani da ake sayarwa a shagunan kewayen Harami. Wanda ba ya gina komai amma sunaye sun rikice masa, matakai uku na farko sun ishe shi.

Mataki na 1: Daina duban harafi, dubi lambar da ke ƙarƙashinsa

Faifai bai san harafi ba, bayit kaɗai ya sani, wato lamba daga 0 zuwa 255. Tsohon tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 kawai ya tanada, babu ƙugiya ko ɗaya a ciki, balle Larabci. Yunikod, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ ita ce U+0257, ƙ ita ce U+0199, ƴ ita ce U+01B4. Manyansu kuma Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, Ƴ U+01B3. UTF-8, da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, hanya ce ta zuba waɗannan lambobi cikin bayit. Harafin Turanci bayit ɗaya, harafi mai ƙugiya biyu, harafin Larabci na yau da kullum biyu. In aka rubuta bayit a ƙidayar sha shida-sha shida (hex), ƙ a faifai C6 99 ce, ɗ kuma C9 97, alif D8 A7.

Abin da fuskar kwamfuta ta nuna maka fassara ce, kuma tana iya yin ƙarya. Don ganin gaskiya a Linux, shiga foldar ka buga:

```
LC_ALL=C ls -b
```

Sunan *ƙasa.mp3* zai fito a `\306\231asa.mp3`, wato C6 99 ɗin nan ce a ƙidayar takwas-takwas. In ka fi son ganin ta yadda na rubuta a sama, buga `ls | xxd`. Kada ka sauya sunan ko fayil ɗaya kafin ka yi wannan, kuma kafin ka kwafe komai ka ajiye a gefe.

Mataki na 2: Gane irin ɓarnar daga kamanninta

Shirmen da ke fitowa a suna ba na haka-kawai ba ne. Kowace ɓarna da sawunta, kuma idan ido ya saba da su, kallo ɗaya ya isa.

Idan ka ga Æ™asa a maimakon ƙasa, ko É—aya a maimakon ɗaya, UTF-8 ce lafiyayya aka karanta da tsarin Windows-1252 na Yammacin Turai. Idan kwamfutar ta Larabci ce, mai amfani da Windows-1256, wannan ƙ ɗin za ta fito a ئ™, ɗ kuma ta zama ة—. A nan Saudiyya wannan na biyun ya fi yawa, kuma yana ruɗa mutane, don sai a ga harafin Larabci ya tsuro a tsakiyar kalmar Hausa a ɗauka kuskuren hannu ne.

Larabci ma da nasa sawun. Sunan da ya cika da Ø da Ù, kamar Ø§Ù„ a farkon kalma, alif da lam ne na UTF-8 da aka karanta da 1252. Wanda ya fara da Çá kuwa, alif da lam ɗin ne dai, amma na tsohon 1256.

Duk waɗannan suna gyaruwa, domin bayit ɗin na nan, karatun ne ya karkace. Wanda ba ya gyaruwa shi ne sunan da ya koma alamar tambaya ko layin ƙasa, kamar ?asa ko _asa. Babu ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren nan, 1252 ko 1256 ko kuma 720 da 437 na zamanin DOS, da ya tanadi ƙ, ɗ ko ɓ. Abin mamaki, 1256 ya samar wa haruffan Faransanci irin é da ç wuri saboda ƙasashen Magrib, amma namu babu. To duk manhajar da ta bi da suna ta ɗayansu ta hallaka ƙugiyar har abada. Sai dai a koma ga asalin fayil, ko mutum ya saurara ya sake raɗa masa suna.

Akwai kuma wata ɓarna tamu ta gida, wadda ba kwamfuta ta jawo ba. Kafin Yunikod ya bazu, masu buga Hausa sun yi dabarar salon rubutu na musamman inda ake danna } ta fito ƙ, ] ta fito ɗ, ~ ta fito ɓ. Wasu kuma q, x da v suke bugawa. Sai ka ga fayil mai suna }ungiya ko xalibai. Wannan ba manhajar juya tsarin rubutu irin iconv da za ta gane shi. Jadawalin musanya za ka rubuta da kanka, ka kuma bi sakamakon da ido, tunda *video* ko *qira'a* ba sa son a taɓa su.

Mataki na 3: Gyara tsofaffin sunaye kafin su shiga sabuwar ma'ajiya

Idan bayit ɗin da ke faifan Linux na 1256 ne kai tsaye, convmv ne maganinsa:

```
convmv -f cp1256 -t utf8 -r ./karatu
```

A haka ba ya sauya komai, nuna maka kawai yake yi abin da zai yi. Karanta jerin da kyau, in ya yi maka sai ka ƙara `--notest` ka sake bugawa.

Idan kuwa shirmen ya riga ya zauna, wato an adana Æ™ ɗin a matsayin haruffa biyu na gaske, sai a bi hanyar da aka zo a koma baya. A Python:

```
suna.encode("cp1252").decode("utf-8")
suna.encode("cp1252").decode("cp1256")
```

Layin farko na masu Æ™ da Ø§ ne, na biyu na masu Çá. Ga wani tarko: babbar Ɓ a UTF-8 C6 81 ce, harafin fa na Larabci kuma D9 81, alhali 1252 bai ba lambar 81 wata ma'ana ba. Python zai tsaya cik a kan duk sunan da ke ɗauke da su, kuma fa na cikin *tafsir* da *fiƙhu* da *Fatiha*, wato kusan rabin ma'ajiyar ɗalibi. Manhajar ftfy ta san da wannan rami, aikinta mai suna `fix_encoding` yana tsallake shi. Yi amfani da ita, amma ka sa ta rubuta maka tsohon suna da sabo gefe da gefe ka duba tukuna.

Fayilolin ZIP nasu daban ne. Tun 2006 ƙa'idar ZIP ta tanadi wata alama, bit na 11, mai shaida cewa sunayen ciki UTF-8 ne. Idan babu alamar, ƙa'ida ta ce a karanta da 437, amma a aikace tsohuwar Windows ta Larabci da 720 take rubutawa, ba ma 1256 ba. Daga Python 3.11 ana iya faɗa wa mai kwancewa abin da zai yi:

```
zipfile.ZipFile("darasi.zip", metadata_encoding="cp720")
```

Gwada 720 da farko, in bai ba da Larabci mai ma'ana ba ka gwada 1256.

Mataki na 4: Tsai da doka ɗaya a bakin ƙofa

Yanzu mun iso ga ginin kansa. Manyan tsare-tsare ba su yi ittifaƙi ba. ext4 na Linux bai damu da harafi ba sam: duk bayit ɗin da ka ba shi ya karɓa, ban da alamar / da sifiri. NTFS da exFAT da dogayen sunayen FAT32 da UTF-16 suke ajiya, wata hanyar zuba lambobin Yunikod daban da UTF-8. Kai da ke gina naka, dole ka zaɓa, kuma shawarata ba ta da kwana: UTF-8 a ciki ko'ina, a faifai da rumbun bayanai da saƙon da ke yawo tsakanin sassan manhajar. Juyawa zuwa wani tsari a kan iyaka kaɗai ake yin ta, inda kake magana da Windows ko katin memori.

FUSE zai miƙo maka suna a matsayin bayit zalla, bai tantance komai ba. A duk inda ake ƙirƙira ko sauya suna, wato `create`, `mkdir`, `rename`, `link` da `symlink`, binciki cewa UTF-8 ce sahihiya. In ba ita ba ce, mayar da kuskuren `EILSEQ`. Kada ka yi hasashe a ɓoye, kana cewa ai wataƙila 1256 ce bari in juya masa. Hasashe aikin mataki na 3 ne, inda mutum ke zaune yana duba sakamako. Tsarin ajiya da ke hasashe da kansa wata rana zai canki ba daidai ba, kuma ba wanda zai sani sai bayan watanni. Tsarin ajiya na ZFS ma haka ya yi, yana da zaɓin `utf8only` da ake saitawa ranar ƙirƙirar ma'ajiya, ba a kuma sauya shi daga baya.

A wannan ƙofa ka tare waɗansu abubuwa. Tunda kusan duk fayil ɗinka wata rana zai sauka a Windows ko filashi, hana alamomin da Windows ba ta karɓa: < > : " / \ | ? * da sunaye irin CON, PRN, AUX, NUL, COM1, LPT1, da sunan da ya ƙare da ɗigo ko sarari. Inda wannan ya fi cizon mutanenmu shi ne kwanan wata. An saba rubuta Hijiriyya a 1445/9/27, sai manhajar da ke raɗa suna daga taken darasi ta mayar da shi folda cikin folda. Sa ta musanya da karan ɗori, 1445-09-27, wanda kuma ya fi jeruwa daidai. Alamar tambaya ta Larabci ؟ ba ta cikin haramtattu, lambarta U+061F ce, ka bar ta.

Sai haruffan da ba a gani. Akwai alamomin juya alƙiblar rubutu, U+202A zuwa U+202E da U+2066 zuwa U+2069. Mafi sharri U+202E: idan aka saka ta bayan kalmar *takarda* aka biyo da fdp.exe, a fuska za a ga takardaexe.pdf, mai tsammanin bizarsa ce ya danna ya kunna wa kansa cuta. A ƙasar da rubutu ke tafiya dama da hagu a layi ɗaya, ido ya saba da ganin suna a birkice, ba ya zargin komai. Ƙi su gaba ɗaya. U+200E da U+200F ba su da wannan sharrin, amma sukan maƙale a suna idan an kwafo shi daga saƙon waya, sai ka ga fayil biyu masu suna iri ɗaya sak. Share su, tare da U+FEFF in ta biyo.

Mataki na 5: Raba suna da mabuɗi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kasala.

Yunikod ya yarda a rubuta wasu haruffa ta hanya biyu. é tana iya zama harafi ɗaya U+00E9, ko e da alamar U+0301 a bayanta. Ta farko ake kira NFC, wato haɗaɗɗiya, ta biyu NFD, rababbiya. Ƙugiyoyinmu sun tsira, ba sa rabuwa ko kaɗan. Amma mai alamta karin sauti da tsawon wasali, kamar ɗalibin harshe da ke rubuta à ko ā, ya shiga ciki. Larabci kuwa ya shiga tsundum: أ tana rabuwa zuwa alif da hamza U+0654, إ zuwa alif da U+0655, آ zuwa alif da madda U+0653, haka ؤ da ئ. Hatta shadda da fataha, wani ya fara buga wannan wani ya fara buga waccan, a ido ɗaya ne, a bayit daban.

HFS+ na Apple, wanda ya zo a 1998, rababbiyar siffa yake tilastawa. APFS da ya gaje shi a 2017 ya daina tilastawa, amma tsofaffin sunaye suna nan suna yawo. Sakamakon shi ne fayil mai suna أحكام الحج ya taso daga Mac ya sauka a sabar Linux, ɗalibi ya buga sunan da allon madannansa, sabar ta ce babu. Ko a sake ɗora shi a sami biyu.

Dubi jakar alhaji a filin jirgin Jidda. A jikinta ga sunansa da garinsu da maka, yadda ya ga dama ya rubuta, ga kuma takardar lamba da ma'aikatan jirgi suka liƙa. Mutum sunan yake karantawa, na'ura kuwa da lambar take aiki. Haka kowane fayil a tsarinka zai riƙe abu biyu: sunan nuni, wanda `readdir` ke mayarwa, da mabuɗi, wanda `lookup` ke nema da shi.

```
import unicodedata as u

def sunan_nuni(s):
    return u.normalize("NFC", s)

def mabudi(s):
    return u.normalize("NFC", u.normalize("NFD", s).casefold())
```

Mabuɗin shi za ka ɗora wa dokar hana maimaici a cikin folda ɗaya. Duk sunan da ya shigo, a lissafa mabuɗinsa, in akwai irinsa to fayil ɗaya ake nufi. `casefold` ita ke haɗa Ƙano da ƙano. In kana son babban baƙi da ƙarami su zama daban kamar al'adar Linux, cire ta, amma ka sani ranar da aka kwashe foldar zuwa filashi ɗaya zai danne ɗaya. A harshen C kada ka kusanci `tolower`, bayit ɗaya take gani, ba ta san Ƙ ba. Ɗauki utf8proc ko ICU, manhajojin da suka san ƙa'idojin Yunikod. Kada kuma mabuɗi ya dogara da harshen da aka saita kwamfuta a kai, domin a saitin Turkanci ƙaramar I ba i ba ce, sai faifai ɗaya ya ba da amsa biyu a kwamfuta biyu.

Abin da bai kamata ya shiga mabuɗi ba shi ne cire ƙugiya. *Kafa* ba *ƙafa* ba ce, *dari* ba *ɗari* ba ne, kuma tsarin da ya haɗe su zai goge wa mutane aiki. Haka cire wasulan Larabci, ko haɗe ة da ه. Waɗannan na abu na uku ne, mabuɗin bincike, wanda amfaninsa kawai idan mutum ya buga kalma a akwatin nema. A can ka sake jiki: sauke ƙugiyoyi, share wasula da tatwil U+0640, mayar da duk nau'in alif alif ɗaya, juya lambobin ٠ zuwa ٩ su koma 0 zuwa 9. Yi amfani da NFKC a can don narkar da haruffan da ake kwafowa daga PDF, waɗanda sukan zo da siffofin farko, tsakiya da ƙarshe na rukunin U+FE70 zuwa U+FEFF. Ka kuma haɗe ya ta Larabci U+064A da ta Farisanci da Urdu U+06CC, da kaf U+0643 da U+06A9. Babu NFC ko NFKC da ke haɗa waɗannan, kuma a shagunan buga takardu na Saudiyya inda Bahaushe da Bapakistane ke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, za ka haɗu da su.

Alamar ɗauri ta Hausa ita ma fuska uku gare ta: ' ta allon madannai U+0027, ’ da Word ke lanƙwasawa U+2019, da ʼ U+02BC wadda Yunikod ya ɗauka a matsayin harafi. Ga kuma bambancin ƙasa, Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, kuma a Shari'u Mansur duka biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A mabuɗin bincike ka mayar da su abu ɗaya. A sunan nuni, abin da mai shi ya rubuta shi ne.

Rubuta a kan ma'ajiyar wane bugu na Yunikod ka lissafa mabuɗai da shi. ext4, da ya sami damar haɗa babban baƙi da ƙarami a Linux 5.2 cikin 2019, haka yake yi, yana alamta utf8-12.1. Wannan ya shafe mu kai tsaye: fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu, U+08BB zuwa U+08BD, sai a bugu na 9.0 cikin 2016 suka shiga. Manhajar da ta tsufa ba ta san su ba.

Aiki ɗaya da ke buƙatar kulawa ta musamman: sauya *ƙano.mp3* zuwa *Ƙano.mp3*. Mabuɗi ɗaya ne, don haka rubutun da bai yi hattara ba zai ɗauka akwai wani fayil a wurin, ya goge shi, alhali shi ne kansa. Ware wannan hali a farkon `rename`, ka sauya sunan nuni kawai. Ka kuma bar `negative_timeout` a sifiri, kada Linux ya riƙe amsar "babu" ta wata siffar suna bayan an ƙirƙiri fayil ɗin da wata siffar.

Mataki na 6: Auna tsawo da bayit

Iyakar ext4 bayit 255 ce. Ta NTFS da exFAT guda 255 ce ta UTF-16. Ba ɗaya ba ne. Sunan Larabci mai harafi 200 yana zaune lafiya a Windows, amma bayit 400 ne a Linux, sai kwafi ya tsaya da `ENAMETOOLONG`. Harafi 127 ne iyakar abin da Larabci zalla zai samu. Kowane wasali da aka ɗora bayit biyu ne na kansa, haruffan Warshun nan uku-uku, fuskokin murmushi na waya huɗu. Taken darasi irin na malamai, mai ɗauke da sunan littafi da babi da sunan shehi da addu'ar Allah ya kiyaye shi, nan da nan yake cinye wurin.

Ɗauki mafi tsanani, bayit 255 na UTF-8, ka sanar da shi a `statfs`. In dole a datse suna, ware wutsiyar .mp3 tukuna, sannan ka ja baya har ka wuce duk bayit ɗin da ke tsakanin 80 da BF, domin waɗannan cikon harafi ne ba farkonsa ba. Kada ka raba wasali da baƙinsa. Ƙara 'yar lamba a ƙarshe, tunda darasi na 14 da na 15 sau da yawa a wutsiya kawai suka bambanta. Cikakken taken kuma ya tafi rumbun bayanai.

Mataki na 7: Kan iyaka

A Windows, kira `CreateFileW` da `_wfopen`, masu karɓar UTF-16. 'Yan'uwansu masu ƙarewa da A ta tsohon tsarin kwamfutar suke bi, wato 1256 a nan, kuma ka riga ka san makomar ƙ a can. Samba, mai raba folda tsakanin Linux da Windows, ba ta da matsala in ka bar `unix charset` a UTF-8 yadda ta zo. Filashin FAT32 a Linux, ɗora shi da `-o utf8`. Kwaso kaya daga tsohuwar Mac, rsync na da `--iconv=utf-8-mac,utf-8`.

Mai ƙaramar na'ura da ke amfani da FatFs, manhajar karanta katin FAT, buɗe `ffconf.h`. Kunna `FF_USE_LFN`, in ba haka ba gajeren suna kawai za ka gani, irin TAFSIR~1.MP3. Sa `FF_LFN_UNICODE` a 2, wato UTF-8. `FF_CODE_PAGE` a 720 gajerun sunaye kaɗai zai shafa bayan haka. Ka tuna kowane gurbin dogon suna a FAT harafi 13 yake ɗauka, kuma tushen katin FAT16 gurbi 512 ne galibi, don haka dogayen sunaye kan cika shi alhali katin fanko ne. Zuba fayiloli cikin folda. Na'urorin kasuwa masu araha kuwa, da yawansu ba su da zanen ƙ ko Larabci a ƙwaƙwalwarsu. Idan don su kake shirya kati, fara kowane suna da lamba, 001, 002, ko fuska ta nuna akwatuna mai saurare zai gane inda yake.

Jeri ma kan iyaka ne. In ka jera da bayit, ɓ da ɗ da ƙ za su faɗa can bayan z. ICU na da jerin Hausa a ƙarƙashin `ha`, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k. Manhajar da ke nuna wa mutum jerin ita za ta yi wannan, ba tsarin ajiya ba. In kuma za ka fitar da jerin sunaye a CSV don a buɗe a Excel, sa EF BB BF a farkon fayil ɗin, in ba haka ba ئ™ za ta dawo.

Mataki na 8: Gwaji

Haɗa folda ɗaya ta fitinannun sunaye ka ajiye ta tare da manhajar: Ɓarawo da ɓarawo, kafa da ƙafa, 'ya'ya da alamar ɗauri iri uku da ƴaƴa, أحمد a haɗe da a rabe, kalma mai shadda da fataha a jeri biyu, suna mai bayit 255 cif da mai 256, mai ƙarewa da ƙ daidai kan iyaka, mai U+202E, mai bayit ɗin 1256 zalla, mai harafin Warshu, da mai haɗa Larabci da boko da lamba a layi ɗaya. Ga kowane ɗaya rubuta abin da kake sa ran zai faru, karɓa ko ƙi ko haɗewa da wani.

Sannan ka zagaya da foldar: daga tsarinka zuwa Windows ta Samba, daga can zuwa filashin exFAT, zuwa wayar Android, a dunƙule ta a ZIP, a dawo da ita. A kowane zango ɗauki `LC_ALL=C ls -b` ka gwama da na farko ta `diff`. Layin da ya bambanta zai nuna maka zangon da ya taɓa sunan, sai ka koma matakin da ya shafe shi. Maimaita zagayen duk lokacin da ka sabunta utf8proc, ICU ko Python, domin jadawalin Yunikod da ke cikinsu yana sauyawa da bugu.